Ragon Amna

Shekarata arba'in da shida ranar da na sauka Kartum, sanye da babbar riga mai aiki cikin zafin da ko ƙadangare ya nemi inuwa, da wata takarda a aljihun gaba wadda nake taɓawa bini-bini don in tabbatar tana nan. Wannan duk kafin yaƙi ne. Takardar ta ce an ɗauke ni karatun likitan dabbobi. Ko kuma in ce haka wanda ya samo mini ita ya ce ta ce, domin Larabcina na lokacin na Islamiyya ne, yana kai ni masallaci ya dawo da ni, amma ba ya shiga ofis.

Ubana mahauci ne a Funtuwa. Tun ina ɗan shekara tara nake riƙe masa ƙafar rago a kwata, kuma a can na fara ganin likitan dabbobi, wani dogo mai farar riga da ke zuwa da safe ya duba hanta da huhu, ya buga hatimi ko ya hana. Ubana, wanda ko a gida ba a ɗaga masa murya, sai ya cire hula ya riƙe a hannu har mutumin ya wuce. Tun ranar na ƙudurta cewa wata rana ni zan riƙe hatimin nan. Abin da na samu shi ne koyarwa a firamare, shekara ashirin da biyu. Na bar fawa, na daina ma ambatonta, idan aka tambayi sana'ar gidanmu sai in ce noma. Jarrabawar shiga jami'a kuwa na yi ta zama har yaran da na koya wa baƙi da wasali suka fara tarar da ni a layi suna durƙusa mini. Da wani ɗan garinmu da ake kira Ustaz ya ce a Sudan ba a duba furfura, kuma zai samo mini takardar shiga, ban tsaya dogon bincike ba.

Zangona na farko wani ofis ne a Bahri, ɓangaren birnin da ke tsallaken kogi. Matar da ke wurin ta karanta takardata sau biyu, ta dube ni, ta dubi rigata, sannan ta sa aka kawo mini ruwan sanyi kafin ta yi magana. Da na ga ruwan nan na sha jinin jikina. Ta yi mini bayani a hankali, tana haɗawa da hannu, cewa takardar ta ajin koyon Larabci ce na wata shida, ba ta da alaƙa da dabbobi ko ta kusa. Takardun sakandarena kuma sun tsufa, babu kimiyya a cikinsu. Hanya ɗaya ta rage, in zauna jarrabawar gama sakandare ta ƙasar, wadda suke kira shahada, tare da 'yan shekara goma sha bakwai. Na yi mata godiya kamar wanda aka yi wa albishir, na fito na zauna a gindin wata bishiya. Wayar Ustaz a kashe take, kuma ba ta sake kunnuwa ba har yau.

Kwana tara na yi a wani masauki kusa da babbar kasuwar Kartum, ɗaki ɗaya mu takwas, kowa da gadonsa na igiya. Wake nake ci safe da yamma, wannan dafaffen waken nasu da ake zuba wa man riɗi, har na fara mafarkin tuwon dawa da miyar kuka ido biyu. Ranar Juma'a na kira matata Rabi na gaya mata gaskiya. Ta tambaye ni ko zan dawo. Na ce a'a. Ta ce to, kada in zauna da yunwa.

Wani ya ce ya taɓa ganin Ustaz a Kasuwar Libiya, can yammacin Umdurman, garin da ke ɗaya gaɓar kogin, sai na hau mota na tafi neman sa. Kasuwar nan ba a neman mutum a cikinta. Na yini ina yawo tsakanin rumfunan tufafi da na wayoyi har ƙafata ta yi bororo. Wajen la'asar hancina ya kamo wani ƙamshi da na sani tun ban san kaina ba, ƙamshin ƙuli da yaji a kan wuta. Na bi shi har gaban wani tsoho baƙi siriri da ya kafa tsinkayen nama kewaye da garwashi. Tsire ne sak, amma a can agashe suke ce masa. Yana faɗa da mai kawo masa gawayi, rabi Larabci, rabi wata irin Hausa mai tsohon ɗanɗano, irin ta kakanni. Na yi masa sallama da Hausa. Ya ɗago ya dube ni tun daga hula har takalmi.

“Kai, ya zol, bawan Allah, daga gida ka fito? Zauna. Fuskarka ta wanda aka cuta ce.”

Sunansa Baba Adamu. Ubansa ya baro ƙasar Katsina da ƙafa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare a gonakin auduga na Jazira, ya tsaya ya yi ƙwadago na shekara ɗaya, shekarar ta zama arba'in. Shi Baba bai taɓa ganin Nijeriya ba, amma gida yake ce mata. Ya ba ni nama tsinke uku, ya ji labarina duka, ya ce Ustazai irin nawa sun fi tsinken agashe yawa a garin nan. Sai ya tambaye ni ɗan wane ne ni. Ina kallon wuƙarsa, ina ganin yadda hannunsa ke rawa yana yanka naman da kauri inda ya kamata ya yi falle, yatsuna har ƙaiƙayi suke yi. Na buɗe baki na ce ubana malami ne. Wannan ce ƙaryata ta farko a gare shi, kuma ko gezau ban yi ba, domin na saba da ita.

Ranar ya tafi da ni gidansa a unguwar Umbadda. Gida ne na ƙasa mai gajeriyar katanga a wani lungu da kusan duk Hausawa ne, masu ɗinki, masu turin baro, 'yan ƙwadagon gini. Ya ba ni ɗakin ƙofar gida. Matarsa Hajja Hauwa, gajera mai kaifin baki, ta dube ni ta ce wa mijinta da Larabci wani abu da ban ji ba, sannan ta ce mini da Hausa in cire wannan bargon da na sa kafin in mutu musu a gida. Daga ranar kwanona ya shiga cikin kwanukan gidan, kuma ba wanda ya taɓa tambayata yaushe zan tafi.

Na shiga ajin masu maimaita shahada. Bencin ya yi mini kaɗan, gwiwata na dukan na gaba. Yaran suna kirana Ammu, wato baffa, suna ba ni wuri da ladabi, amma idan malami ya tashe ni na kasa, ina jin dariyar da suke dannewa a bayan wuyana. Malamin kemistiri kuwa sa'an ɗana na fari ne. Shekarar farko na faɗi warwas, kuma na faɗa wa mutanen gida gaskiya. Baba ya ce ma'alesh, ba komai, wa ya taɓa koyon Larabci da kemistiri a shekara ɗaya. Hajja ta dama mini fura, wadda suke kira godogodo, ta ce in sha in daina wannan fuskar.

A shekara ta biyu rago ya shigo gidan. 'Yarsu Su'ad, wadda mijinta ke aiki a wata masana'anta a Bahri, ta yi shekara tara da aure ba haihuwa, sai Allah ya ba ta ciki. Hajja ta sayo ɗan rago fari mai baƙin kunne tun cikin yana wata biyu, ta ɗaure shi daf da ƙofar ɗakina, ta ce na suna ne. Da hannunta take ba shi dusa da harawa da guntun abinci, tana yi masa hira kamar jika. Ni kuma, likitan gobe, kullum sai na buɗe masa baki na duba haƙori, na latsa ciki, na ba da shawarar da ba a tambaye ni ba. Ragon ya yi ƙiba har maƙwabta na leƙowa su gani. Da cikin ya tsufa Su'ad ta dawo gidan iyayenta don ta haihu a gaban uwarta.

Shekarar nan na yi karatu kamar zan haukace. Na tabbata na ci. Ranar da sakamako ya fito na je na duba, na tarar na haye dai, amma makina bai kai abin da kwalejin dabbobi ke nema ba, saura ƙiris, kuma kemistiri ne ya ja ni ƙasa. A cikin motar dawowa na shirya maganar da zan yi, na maimaita ta tun daga gadar kogi har Umbadda. Na sauka da azahar. Hajja na ƙofar gida tana tankaɗe, ta hango ni ta ajiye rariya ta miƙe, hannunta duk gari.

“Malam, natija? Ya sakamakon? Gaya mini.”

Na dubi fuskarta. Shekara biyu matar nan tana ciyar da ƙaton namiji mai furfura. Maganar da na shirya ta gudu, na ji bakina yana cewa na ci, an ɗauke ni.

Abin da na lissafa a tsakanin numfashi ɗaya shi ne, a garinmu idan mutum ya ci jarrabawa ana yi masa barka, a yi fatiha, shi ke nan, kowa ya kama gabansa. Na ce a raina zan sake zama a ɓoye, in na ci baɗi ƙaryar ta zama gaskiya, ba wanda ya yi asarar komai. Shekara biyu ina zaune a Umbadda, ina ganin ana yanka a ƙofar gidaje ana rabon nama, ban taɓa tsayawa na tambayi dalili ba, kaina na cikin littafi. Hajja ta rangaɗa guɗa, matan lungu suka amsa mata ta kan katanga. Kafin la'asar duk wanda ya gan ni sai ya rungume ni ya bubbuga kafaɗata ya ce mabruk ya Daktor, wato barka likita.

Washegari da hantsi na ji ana wasa wuƙa. Ɗan mahauci ba ya ɓata wannan ƙarar. Na fito na tarar da Baba a tsugune da dutse, an kwance ragon, an shimfiɗa tabarmi a lungu. Na tambaye shi lafiya. Ya ce karama ce. Ya ce a nan idan Allah ya yi wa gida alheri babba, mara lafiya ya tashi, ko matafiyi ya dawo, ko ɗa ya ci shahada, sai an zubar da jini an ciyar da mutane kafin rana ta biyu ta faɗi, in ba haka ba an yi wa Allah rowa. Na ce ai wannan ragon suna ne, a bari, ni ba na bukata. Nan ne ya kamata in faɗi sauran maganar, kuma ta zo har maƙogwarona. Sai Su'ad ta yi magana daga bayan labule, da Hausarta mai gaurayen Larabci.

“A yanka, Yaba. Suna da saura, Allah zai kawo wani. Shekara nawa ana ce mana 'yan ƙwadago, yau daktor ya fito daga ɗakin ƙofarmu.”

Na dubi Hajja ko za ta hana. Idonta na kan ragon, ta shafa masa kunne sau ɗaya, ta ce a yi bismilla, ta shige ciki.

Da aka kayar da shi aka fuskantar da shi gabas, Baba ya miƙo mini wuƙar. Ya ce ni ne mai karama, kuma ɗan malamai, hannuna ya fi albarka. Maza kusan ashirin suna tsaye. Wannan ita ce dama ta ƙarshe, kuma na san ita ce. Na karɓa, na ambaci sunan Allah a kan ƙarya, na yanka.

Da aka zo fiɗa Baba ya fara, hannunsa na rawa, ya huda fatar a wajen cinya. Ban san lokacin da na durƙusa na karɓe ba. Wataƙila neman inda zan ɓoye fuskata nake yi. Na tsaga ƙafafu, na cusa dunƙulen hannu tsakanin fata da nama yadda ubana ya koya mini, na zare ta kamar riga. Na fasa ciki, na ware hanta ban fasa matsarmama ba, na raba gaɓoɓi ba tare da na sari ƙashi ko ɗaya ba. Shekara talatin ban taɓa ba, amma hannuna bai manta komai ba, shi da ya kasa riƙe lissafin kemistiri na mako guda. Mutane suka ce kun gani, tun bai shiga kwalejin ba. Baba kuwa ya tsaya yana kallon hannuna. Aka dafa, aka gasa, lungu ya cika. Ni aka zuba wa hanta. Na tauna loma ɗaya ta ƙi wucewa, na faki ido na tofar a hannun riga.

Kwana goma sha biyu na yi ina Daktor. Kullum da safe in rataya jaka in hau motar Bahri, wai ina cike takardun shiga, in sauka kusa da gada in zauna ina kallon ruwa har azahar. Wata tsohuwa ta kawo mini akuyarta mai zawo, na ba ta shawara, akuyar ta warke, abin ya ƙara lalacewa. Turken ragon yana nan a ƙofar ɗakina da guntuwar igiya, sai na tsallake shi nake shiga. Ranar sha uku Su'ad ta haifi 'ya mace. Washegari da rana na ji Hajja da Baba suna magana ƙasa-ƙasa a tsakar gida a kan abin da za a yanka, raguna sun yi tsada, aikin mijin Su'ad ya tsaya wata biyu. Hajja ta ce ba komai, ai ba a banza nasu ya tafi ba. Wannan kalmar ce ta tashe ni.

Na bi Baba kasuwa. Na tsaya a gefen wutar har masu saye suka ragu, sannan na ce masa jarrabawar nan ban kai ba, ba a ɗauke ni ba, ƙarya na yi wa Hajja. Bai ɗago ba. Ya juya tsinkayen ɗaya bayan ɗaya har ya zagaye wutar, sannan ya tambaye ni malamin nan ubana, a wace kwata yake karantarwa. Na ce mahauci ne, a Funtuwa, kuma uban ubansa ma haka.

“Wannan na gani tun ranar, dariya ma ta ba ni. Mutum yana cin tuwon mai nama yana ɓoye masa fawa. Amma ɗayar ƙaryar, ya Malam, wallahi ban gani ba.”

Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya ce shi ba zai kai wa Hajja wannan magana ba, ni zan kai. Kuma naman nan ba shi kaɗai ya ci ba, duk bakin da ya ci, sai ya ji daga bakina.

Hajja ce na fara gaya wa. Tana wanke kayan jaririya, ta saurare ni har na gama, ta ɗauraye hannunta, ta ɗauki bahon ta koma bayan ɗaki. Ko kallona ba ta yi ba. Su'ad tana ciki, na san ta ji. Ranar Juma'a da hantsi mazan lungu kan fito da tirensu kowa daga gidansa, a haɗa a ci tare a inuwar katanga. Na bari aka zauna, sannan na miƙe tsaye a gabansu da furfurata, na faɗi komai da Hausa, na sake da guntun Larabcina don samarin da ba sa jin Hausa sosai. Na so ƙasa ta tsage in shige. Wani ya ce la haula. Wani saurayi ya fashe da dariya ubansa ya make shi. Wani tsohon tela ya ce shi dai nama ya riga ya zama jini, ba ya iya mayarwa, in zauna in ci wake. Na zauna, amma ba wanda ya matsa mini wuri kamar da.

Na kai babbar rigata da agogona Kasuwar Libiya. Abin da na samu bai kai rago ba, ko rabinsa. Wata ramammiyar akuya na jawo har gida, ƙasusuwanta a waje, ni da na san dabba na san abin kunya ce. Hajja ta ce a fitar mata da ita. Baba ya ce a bar ta, halal ce, kuma gobe suna. Da ita aka raɗa wa jaririyar suna Amna, 'yar da aka jira shekara tara. Naman bai zagaya lungu ba. Tun ranar matan unguwa suka laƙaba wa yarinyar 'Yar Akuya, da wasa suke yi, amma sunan ya zauna.

Bayan suna na ɗaure jakata. Baba ya tarar da ni a ƙofa, ya tambaye ni ina zuwa. Na ce gida, ba ni da idon da zan ƙara kallon mutanen nan. Ya shiga ya fito da wuƙa a kube ya ɗora a kan jakar.

“In ka tafi yanzu, ragon nan ya mutu a banza ke nan. Da safe ka je ajinka. Da la'asar ka zo ka yanka mini nama, hannuna ya gaji.”

Haka shekara ta uku ta tafi. Da safe ina benci da sababbin yara, ƙannen waɗanda na fara da su. Da la'asar ina tsaye a Kasuwar Libiya da walki ɗaure a kan riga, ina yanka nama falle-falle ina barbaɗa ƙuli, a gaban kowa, har ɗaliban Nijeriya da na riƙa guje wa da. Wasu sun gane ni, suka ce Malam kai ne, na ce ni ne, tsinke nawa. Baba kan nuna wata gaɓa ya ce me littafi ke kiran wannan, in gaya masa, ya maimaita har ya riƙe, ya ce shi ma ba zai mutu jahilin abin da ya yi shekara hamsin yana yankawa ba. A lungu an daina ce mini Daktor, sai yara in suna son tsokana. Kwanona bai fasa fitowa ba, amma Hajja ta daina kawowa da kanta, ajiyewa ake yi a bakin ƙofa. In na gaishe ta takan amsa da kalma ɗaya.

Wata rana na dawo na tarar da littafin kemistirina, wanda na manta a kan tabarma, an bi shi da jan biro. An zagaye duk inda na yi kuskure, a ƙasa an rubuta kalma ɗaya da Larabci, wai in sake. Baba ne ya gaya mini cewa Su'ad ta ci shahada da maki mai kyau kafin aurenta, kimiyya ta yi, hali ne bai bari ta wuce ba. Shekara biyu ina gidan ban sani ba, domin ban taɓa zaton akwai mai koya mini wani abu a lungun 'yan ƙwadago ba. Daga ranar nake ajiye littafin a kan turken nan da safe, in tarar da shi da yamma ya sha ja. Ko bayan ta koma ɗakinta mijinta ne ke kai mata ya dawo da shi. Ba ta da sassauci ko kaɗan, aiki ɗaya sai ta sa ni na yi shi sau biyar. Wani lokaci shafin na zuwa da tabon nono ko yagar ɗan hannu. Ba ta taɓa rubuta kalma ɗaya a kan rago ba, kuma wannan ya fi jan biron ciwo.

Da sakamako ya fito karo na uku ban gaya wa kowa ba, na jira har takardar ɗauka ta zo hannuna da hatimi. Ranar Su'ad ta zo wuni. Na yi sallama a tsakar gida, na durƙusa, na ajiye takardar a gaban Hajja. Ba ta taɓa ta ba. Ta kira Su'ad ta ce ta karanta. Ta karanta. Hajja ta ce ta sake, tun daga sama, har sunan uba. Ta sake. Hajja ta dubi ƙasa, ba guɗa, ba kowa a kan katanga.

“Mabruk,” in ji ta. “Karamarka an yi ta bara.”

Sai ta jawo butar shayi ta zuba mini, ta sa sukari cokali uku da hannunta, ta miƙo mini. Rabon da ta miƙo mini wani abu hannu da hannu shekara guda ke nan. Na karɓa, har shayin ya ɗan zuba mini a gwiwa.

Shekara biyar na yi a kwalejin, ina tsallaka gada da safe, ina komawa wuta da la'asar. Na maimaita darasi biyu, na rasa haƙori ɗaya, 'yata ta fari ta yi aure ban je ba. Na gama ina da shekara hamsin da huɗu. Ranar da zan taho duk gidan suka taru a tsakar gida, Baba ya tsufa ƙwarai, yana kan gadon igiya. Amna tana da shekara shida, siririya mai idon uwarta. Ta zo ta tsaya a gabana ta riƙe ƙugu, ta tambaye ni da Larabci, sannan ta sake da Hausa don kada in ce ban ji ba.

“Ammu Daktor, da gaske kai ka cinye ragona?”

Su'ad ta yunƙura za ta kama ta, na ce a bar ta. Na durƙusa daidai tsayinta na ce ni ne. Ta tambaye ni ya yi daɗi. Na ce ban sani ba, ban iya haɗiyewa ba. Sai Hajja ta amsa daga bakin murhu, ba ta ko juyo ba, ta ce ya yi daɗi mana, ai ita ta ciyar da shi.

Kowa ya yi dariya, har ni. Yanzu ni nake riƙe da hatimi a kwatar garinmu, a filin da ubana ya riƙa cire hula, kuma duk mahaucin da ya kai hannu ga hularsa nakan ce ya bar ta, ni ma ɗan gida ne. Amma duk ranar da aka jawo mini farin rago mai baƙin kunne, sai na ɗan juya baya kamar ina neman wani abu a jaka, kafin in iya duba shi.